Kafofi Goma Sha Huɗu da Na Toshe a Abhur

Da za a ba ni dama in koma baya in warware abu ɗaya a rayuwata, ba gonar da na sayar zan nema ba, ba kuma haƙoran da na bari suka zube ba. Abhur zan koma, in durƙusa a cikin jirgin nan, in cire matosai goma sha huɗu da na sassaƙa da hannuna. Idan ba a ba ni wannan ba, to a mayar da ni ofishin Abu Fahad na minti ɗaya in buɗe bakina.

Sunana Sale. Mutumin Yauri ne ni, kafintan jirgin ruwa, mahaifina ma haka. Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna.

Na sauka Jidda ina da shekara arba'in da shida. Wanda ya yi min hanya ya rantse cewa aikin jirgi zan yi. Mutumin da ya tarye ni a filin jirgi ya karɓi fasfona ya sa a aljihu, ya kai ni wani ɗaki a unguwar Hindawiyya inda na tarar da mutum takwas, ya nuna min katifar da ke bakin banɗaki. Da gari ya waye aka kai ni wata warsha, wato shagon kafinta, a Aziziyya. Akwatunan kicin ake yi da allon dusar katako, irin wanda in ruwa ya taɓa shi yake kumbura kamar burodi. Na tambaya ina jiragen. Mai warshar ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira wani ya maimaita masa tambayata.

Shekara biyu na yi a nan. Ina jin warin gishiri in iska ta juyo, amma ban ga teku ba sai ta gilashin mota. Abin da ya fi damuna ba zafi ba ne. A gida, tun ina yaro, da ƙarar ruwa nake barci, da ita nake tashi. A Hindawiyya sai ƙarar na'urar sanyi ta maƙwabta. Saboda kewa, in an tashi cin abinci sai in ɗauki guntun katako mai kyau in riƙa sassaƙa ɗan ƙaramin kwale-kwale irin namu, da haƙarƙarinsa da komai.

A haka Muhandis Yasir, wato injiniya, ya same ni. Ya zo ne a yi wa mahaifiyarsa ƙofar kicin. Dogo ne, baƙi, sanye da farar jallabiya, yana Larabci kamar ruwa. Ya ɗauki ɗan kwale-kwalen ya juya shi, ya kanne ido ɗaya ya dubi gindinsa. Sai na ji ya ce, "Ya Ammi, baffa, wannan markab, wannan jirgi, kai ka yi shi?"

Na kusa sakin gudumar da ke hannuna. Na ce, "Bahaushe ne kai?"

"Haka Ummata take cewa. Kakana da ƙafa ya zo daga Haɗeja. Ni a nan Hindawiyya aka haife ni. Hausata maksura ce, karyayya, kada ka yi min dariya."

Na ce ba zan yi ba, sannan na yi. Shi ma ya yi.

Wata uku ya yi yana kai da kawo har aka mayar da iƙamata, wato takardar zamana, hannun kafilinsa, ubangidan aikinsa, wani Balarabe da ake kira Abu Fahad, mai wurin gyaran jirage a Abhur, bakin tekun Jidda. A mota, ranar da ya ɗauko ni da jakata, ya ce min, "Ammi Sale, na gaya wa Abu Fahad ni na tsaya maka. Abu ɗaya zan tambaye ka. Kana karanta zane?"

Ina iya karanta Hausa da boko, da ajami. Zanen injiniya kuwa ban taɓa riƙewa ba. Mu a Yauri da ido da igiya muke aunawa. Amma na tuna katifar bakin banɗaki. Na ce, "Ina karantawa."

Ya ce, "Halas, shi ke nan. Yalla, mu tafi."

Jirgin yana kan ƙasa, an tallafe shi da ƙarafa. Tsohon jirgin ƙarfe ne na kai kaya, wani attajiri ya saya yana so a mayar masa da shi abin da suke kira yakht, jirgin shaƙatawa. Na tsaya a ƙarƙashinsa na ɗaga kai har hulata ta faɗi.

Yasir ne ya zana shi sabo tun daga gindi. Shi ne aikinsa na farko da zai ɗauki sunansa. Ya bayyana min matsalar muna shan shayi a kan wani benci.

"Mai jirgin nan raƙumi yake so, Ammi, amma raƙumin da in ya hau zai ji kamar yana kwance a gadon amarya. Yana so ya je tekun da ke da ƙanƙara, ya yi wata bai ga tasha ba. Kuma yana son majalisa, wato falo, da darduma, da banɗaki na farin dutse, da wurin gasa nama a sama."

Na ce, "To ai sai a zaɓi ɗaya."

"Wanda ya ce masa haka kafin ni, yana gida yana hutawa."

Ya ɗora kofin shayinsa a kan wani siririn katako, ya karkata shi kaɗan, kofin ya zame. Ya ce duk abin daɗi nauyi ne, kuma masu kuɗi a sama suke son nauyinsu, inda za su ga teku. Shi kuwa jirgi a ƙasa yake son nasa. Aikinsa shi ne ya yaudari ido ba tare da ya yaudari ruwa ba. Farin dutsen banɗaki ya sa aka yanka shi siriri kamar waina mara kauri, aka manna a kan allo mara nauyi. Tankunan mai da na ruwa ya kai su can gindi. Kowace kujera a ɗaure take da ƙasa ta inda ido ba ya gani. Ni kuma ya ba ni ɗakin mai jirgin, wanda ke gaba, ƙasa da majalisa: bango, daɓen katako, gado, da aljihunan tebur waɗanda ba za su buɗe da kansu ba ko da teku ta haukace.

Na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. In an miƙo min zane sai in karɓa, in ɗaure fuska, in gyaɗa kai. Daga baya in je in leƙa abin da kafintocin Indiya ke yi a ɗaya ɗakin, in auna da idona. Ba a taɓa kama ni ba, domin hannuna ya fi nasu. Kowace Juma'a kuma mahaifiyar Yasir, Hajja Sa'adiyya, takan aiko min da tuwo da miyar kuka a kula. Ranar farko da na buɗe kular, sai da na juya wa mutane baya.

Wani abu da na sani game da Yasir, domin shi ya gaya min: duk da a Jidda aka haife shi, aka haifi mahaifinsa, shi ma da iƙama yake zaune kamar ni. Fasfon Najeriya gare shi, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Ya ce in jirgin nan ya yi kyau, mai shi ya yi alkawarin zai riƙe shi a kamfaninsa, zamansa ya tabbata. Yana faɗa yana dariya. "Idan kuma ya nutse, Ammi, sai ka koya min noman dawa."

Saura wata ɗaya a gwada jirgin, an riga an saka shi a ruwa, Yasir ya tafi garin Yanbu karɓo kayan inji. A bayansa mai jirgin ya zo dubawa. Ya shiga ɗakin da na yi, ya shafa bango, ya ce masha Allah. Sai ya tsaya ya ja hanci. Ya ce yana jin wari. Ya juya ya fita.

Abu Fahad ya dawo kaina. "Ya Saleh, ɗakinka ne. Jibi zai dawo. In ya sake jin warin nan, Aziziyya tana nan inda ka bar ta."

Na ɗaga katakon daɓen, wanda a lokacin ban riga na manne shi ba, na leƙa da tocila. A gindin jirgin akwai haƙarƙarin ƙarfe a jere, kuma a ƙasan kowanne, dama da hagu, akwai kafa kamar bakin kofin shayi. Na ƙirga goma sha huɗu. Na kai hancina. Ta nan warin tsohon mai da ruwan gishiri ke tahowa daga wajen inji.

Ina so mai karatu ya fahimci abin da na gani. A wurinmu, jirgi ba ya da kafa mai amfani. Mahaifina ya taɓa marina a gaban mutane saboda na bar hudar da ba ta kai kan allura ba. In ruwa ya shigo mana, kowane tsakanin haƙarƙari da ƙwarya ake kwashe shi. Da na ga kafofin nan sai na ce a raina, dubi sakacin masu walda, sun huda ƙarfe sun manta. Har na ji daɗi cewa ni na gano.

Na sassaƙa matosai goma sha huɗu da ragowar katakon gado. Kowanne ya shiga daram. Na bi da gam, na shafa fenti ruwan toka irin na ƙarfen. Sannan na shimfiɗa daɓen, na manne, na goge shi har mutum na ganin fuskarsa. Mai jirgin ya dawo, ya ja hanci, ya yi murmushi. Abu Fahad ya dafa kafaɗata a gaban kowa, ya ba ni ɗaki ni kaɗai mai taga tana kallon ruwa.

Yasir ya dawo saura kwana takwas. Ya ce, "An ce ka kashe wari. Da me?"

Kafin in amsa sai ya juya ga zanen da ke manne a bango, ya ɗora yatsa a kan wasu 'yan rabin da'ira da na sha gani ban san ko mene ne ba. Ya ce, "Na san ta nan yake zuwa, ta hanyar ruwa. Dole su zauna a buɗe. In wani abu ya fashe a gaba, ta nan ruwa zai gangara baya wurin famfon da ke zuƙe shi, ƙararrawa ma a can take. Na yi niyyar sa fanka ta ja warin waje. Amma tunda ka gama da shi, tayyib, ya yi kyau. Me ka yi?"

 Na ce, "Wankewa na yi, na sake fenti."

Wannan ita ce ranar da ya kamata in faɗa. Kuskuren toshewa na jahilci ne. Daga wannan rana kuwa na sani. Amma faɗa yana nufin a farfasa daɓen da aka yi wata biyu ana yi, kuma kowa ya ji cewa wanda Muhandis ya tsaya wa bai san zane ba. Kwana takwas ina shiga ɗakin, in taka daidai wurin, in ce wa kaina ai komai sabo ne, me zai fashe.

Ranar gwaji mun fita bayan hantsi. Da mai jirgin, da baƙinsa uku, da Abu Fahad, da kyaftin da mutanensa, da Yasir, da ni, don in duba ko wani katako zai yi ƙara. Jirgin ya tafi lafiya. Yasir ya ɗora kofin shayi cike a kan teburin majalisa, ko ɗigo bai zube ba. Ya kanne min ido.

Bayan Azahar iskar arewa ta taso. Jirgin ya fara hawa raƙuman ruwa yana sauka, kuma don haka aka yi shi. Sai na lura da abin da duk ɗan kogi zai lura da shi: in ya sunkuyar da kai, yana jinkirin ɗagowa. Kyaftin ma ya ji a hannunsa. Ya kira Yasir ya ce gaba ta yi nauyi.

Yasir ya sauka wurin inji da gudu, ya dawo. "Famfo a bushe yake. Ƙararrawa shiru. Babu ruwa a jirgin nan." Ya buɗe takardunsa yana lissafin tankuna, gumi na ɗiga a kai. Kyaftin ya ce a hagunmu akwai duwatsun ƙarƙashin ruwa, ba zai iya juyawa yadda yake so ba. Wani raƙumin ruwa ya hau kan jirgin ya daki gilashin majalisa. Baƙin suka daina hira. Kofin shayin ya zame ya fashe.

Ina tsaye a bakin matakala, na riƙe ƙarfe. Na san inda ruwan yake. Na san dalilin da ya sa bai je baya ba. Yasir ya wuce ni sau uku. A na uku ya ce, "Ammi, kana jin wani abu a ƙafarka? Kai ɗan ruwa ne."

Na ce, "Ban ji ba."

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san har La'asar ta kusa. Wani ma'aikacin jirgin ne ya shiga ɗakin mai jirgin ɗauko tawul, ya fito da ƙafa a jiƙe. Bututun da ke jawo ruwan teku don na'urar sanyin ɗakin ne ya saki, yana ta zuba a ƙarƙashin daɓena tun safe.

Yasir ya rufe bututun, ya ɗauko gatarin kashe gobara, ya sara daɓen. Ruwa ya taso har gwiwarmu. Ya kwanta a ciki da jallabiyarsa, ya zura hannu har kafaɗa yana lalubar gindin haƙarƙarin. Na ga lokacin da yatsunsa suka taɓa katako a inda ya kamata su sami kafa. Ya tsaya. Ya shafa shi, ya sake shafawa. Shekara guda yana kallon aikina, ya san gefen da wuƙata ke bari.

Ya ɗago ya dube ni. Mu biyu ne kaɗai a ɗakin. Ya ce, "Nawa ne?"

"Goma sha huɗu."

"Kawo guduma."

Tare muka fitar da su, muna nutsa kai muna ɗagowa. Da na ƙarshe ya fita sai ruwan ya ja baya da gurnani, ƙararrawa ta kama kuka, famfo ya tashi. Kafin Magariba muka shigo Abhur, ba wanda ya rasa ransa. Ɗakin ya lalace, wayoyin wuta na gaba duk sun ƙone.

Washegari Abu Fahad ya tara mu a ofishinsa. Mai jirgin na zaune yana jan carbi. An jera matosan a kan tebur. Abu Fahad ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Yasir ya ce, "Ni ne muhandis. Ni na sa hannu cewa na duba hanyar ruwa kafin gwaji, kuma ban ɗaga daɓen ba."

"Ban tambaye ka wa ya sa hannu ba." Ya juyo gare ni. "Ya Saleh, ɗakinka ne. Kai ka rufe shi. Ba ka ga zanen ya nuna kafofi ba?"

Ina da 'ya'ya shida a Yauri, kuma na yi ta gaya wa kaina cewa su na tuna. Ƙarya ne. Tsoro ne kawai. Na ce, "Ni kafinta ne, ya Shaikh. Ban san zane ba. Yadda na tarar da gindin haka na rufe."

Shekara guda ina ɓoye cewa ban san zane ba. Ranar da na faɗa, don in tsira na faɗa, kuma na haɗa da ƙarya. Yasir bai dube ni ba. Ya sa ido a kan matosan. Mai jirgin ya miƙe, ya ce ba ya son ya sake ganin wannan muhandis a kusa da jirginsa, ko a kusa da jirgin wani da ya sani.

Abu Fahad ya yi wa Yasir takardar fita ta ƙarshe, wato ta barin ƙasar. Ba kafilin da ya yarda ya karɓe shi, labari ya riga ya zaga. Cikin wata biyu Yasir ya bar garin da aka haife shi. Ban raka shi ba. Ni aka sa na sake daɓen. Wani injiniya ya zo ya ƙarasa, bai canza komai a zanen ba sai sunan da ke ƙasa. Daga baya na ga hoton jirgin a bangon ofis, yana tsaye tsakanin duwatsun ƙanƙara, mai shi yana shan shayi a sama. Raƙumin ya je, gadon amaryar ma ya je.

Kular tuwo ba ta daina zuwa ba. Kowace Juma'a direban maƙwabcinsu yana kawowa, kuma ina ci. Sai da aka yi wata biyar na iya ɗaukar kular da kaina na tafi Hindawiyya. Hajja Sa'adiyya ta yi min magana ta bayan labule. Na fara bayani, ta katse ni.

"Na sani, Malam Sale. Ya gaya min tun ranar da ya dawo da jallabiya a jiƙe. Shi ya ce kada in daina aikawa, wai ba ka da kowa a garin nan. Ba don kai nake yi ba. Kuma ba ni za ka gaya wa ba. Ka san ofishin."

Na je. Abu Fahad ya saurare ni yana duba wayarsa. Ya ce, "Yanzu kake faɗa? Halas, ya Saleh, takarda ta fita. Koma bakin aikinka." Ko korata bai yi ba.

Hajja Sa'adiyya ta rasu bayan shekara uku. Yasir ya nemi izinin shigowa bai samu a kan lokaci ba. Ni na bi gawarta, shi yana Legas yana gyaran injin jiragen kamun kifi.

Bayan na dawo Yauri na nemo lambarsa. Na yi shekara ina kallonta kafin in kira. Da ya ɗauka ban gane muryar ba. Hausarsa ta miƙe tsaf, babu Larabci ko ɗaya a ciki. Bai ce min Ammi ba. Na faɗi duk abin da na rubuta a nan, ya bar ni har na gama.

Ya ce, "Baba Sale, maganar jirgi na yafe tun muna cikin ruwan. Da ka tambaye ni, da rana ɗaya ta isa in koya maka zanen. Ta Umma kuwa, ban iya ba tukuna. In na iya zan kira ka."

Shekara huɗu ke nan. Ba na barin wayar ta mutu, ko masallaci zan shiga sai na duba ta.

Roƙona ga duk wanda ya karanta wannan, musamman masu shirin tafiya neman aiki: in aka tambaye ka ko ka iya abu, ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba, ko da za a mayar da kai katifar bakin banɗaki. In ka ga kafa a aikin wani, ka tambaya kafin ka toshe. In kuma ka riga ka toshe, kada ka jira kwana takwas kamar yadda na jira, domin wanda ya tsaya maka ne ruwan zai fara ci. Ku sa ni a addu'a wayar nan ta yi ƙara kafin a ɗauke ni.